Waƙa a Bakin Mai Ita Ta Fi Daɗi? Labarin Chage da Aska a Ɗakunan Karaoke na Japan

Bahaushe ya ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma babu mai jayayya da wannan magana muddin zaƙin murya ake nufi. Amma akwai wata ƙasa a gabashin duniya inda miliyoyin mutane suke biyan kuɗinsu domin a ba su ɗaki da makirufo su rera waƙar wani da bakinsu, ko da kuwa muryar tasu ba ta taka kara ta karya ba. Ƙasar ita ce Japan, abin kuwa sunansa karaoke. A wannan mako za mu kawo wa mai karatu labarin wasu mawaƙa biyu na wannan ƙasa, Chage da Aska, waɗanda waƙoƙinsu suka zama abin rerawa a ɗakunan karaoke tun farkon shekarun 1990. Sun kai inda mawaƙi ke mafarkin kaiwa, ɗayansu ya faɗa hannun hukuma, daga baya suka rabu. Abin da ya same su ya tayar da tambayar da ta raba kan mutanen Japan, watau idan mawaƙi ya yi abin kunya, yaya za a yi da waƙarsa?

MENE NE KARAOKE?

Kalmar karaoke haɗin kalmomi biyu ce. "Kara" a harshen Japan tana nufin wofi, "oke" kuwa gutsure ne na kalmar da Turawa ke kiran babbar ƙungiyar makaɗa da ita. Watau kiɗa ne zalla wanda aka zare muryar mawaƙin daga cikinsa, aka bar gurbinta ga duk mai sha'awa. Na'ura tana fitar da kiɗan, baitocin waƙar suna bayyana a allon talabijin, launin haruffan yana sauyawa daidai lokacin da ya kamata a furta su, shi kuwa mai rerawa ya riƙe makirufo yana bi. Idan waƙar ta yi wa muryarsa sama da yawa, akwai maɓallin da zai danna ya sauke kiɗan har ya dace da maƙogwaronsa. Na'urorin yanzu ma har maki suke bayarwa bayan an gama, kamar malami mai duba jarrabawa.

Mutane da dama ne suka ƙera irin wannan na'ura, kowa ta hanyarsa. Wani mai masana'antar kayan lantarki a Tokyo, Shigeichi Negishi, ya haɗa tasa a 1967, ya kuma rasu a 2024 yana da shekara 100. Amma wanda sunansa ya fi fita shi ne Daisuke Inoue, makaɗi a mashayun birnin Kobe, wanda aikinsa shi ne yi wa 'yan kasuwa kiɗa suna rera waƙa bayan sun tashi daga aiki. A 1971 ya sa aka haɗa masa akwatuna masu ɗauke da kaset da lasifika da makirufo da wurin jefa tsabar yen 100, ya riƙa ba masu mashaya haya. Bai yi wa na'urar rajista da sunansa ba, saboda haka da manyan kamfanoni suka shigo suka kwashi biliyoyi, babu kamashon da ya shiga aljihunsa daga gare su. A 1999 mujallar Time ta sa shi cikin mutanen Asiya da suka fi tasiri a ƙarni na 20. A 2004 kuma aka ba shi lambar raha ta Ig Nobel, bisa dalilin cewa ya buɗe wa mutane sabuwar hanyar koyon haƙuri da juna.

Da fari karaoke abin mashaya ne, na magidanta masu rera tsofaffin waƙoƙin bege da ake kira enka. Wajen 1985 wani mutum a lardin Okayama ya gyara kwantenar ɗaukar kaya ya mai da ita ɗakin waƙa, inda mutane kaɗan za su rufe ƙofa su yi abinsu ba tare da idon baƙo ba. Wannan dabara ita ce ta sauya kome. Mata da ɗalibai da iyalai, waɗanda ba za su taɓa shiga mashaya ba, suka fara zuwa. A 1992 aka fito da na'urorin da ake aika musu kiɗa ta wayar tarho, irin su Joysound, sa'an nan DAM ta biyo baya a 1994. Daga nan sabuwar waƙa ba ta jiran a buga faifai a raba wa shaguna, tana fita kasuwa ba da daɗewa ba za ta isa ɗakunan. A tsakiyar shekarun 1990, mutum sama da miliyan 50 ne suke zuwa karaoke a shekara, a ƙasar da yawan jama'arta a lokacin yake wajen miliyan 125.

Abin yana da ladabinsa. Ana biyan kuɗin ɗaki bisa ga lokaci, kowa yana jiran layinsa, ana tafa wa kowa ko da ya ɓata waƙar. Ma'aikatan ofis sukan wuce can bayan cin abincin dare tare, kuma ƙaramin ma'aikaci mai hankali ba ya riga maigidansa zaɓen waƙar da aka san ita ce tasa.

SU WANE NE CHAGE DA ASKA?

Sunayen na sana'a ne. Chage, wanda ake furtawa "Cage", sunansa na yanka Shuji Shibata. Aska kuwa Shigeaki Miyazaki ne, kuma mai karatu kada ya ɗauka laƙabin nasa yana da wata alaƙa da askar wanzami, domin a bakin mutanen Japan "Asuka" ne. An haife su duka biyu a farkon 1958 a lardin Fukuoka da ke tsibirin Kyushu, sun san juna tun suna makarantar sakandare, sun kuma yi jami'a ɗaya. Kowannensu yana da tasa ƙungiyar kiɗa kafin gasar mawaƙa matasa ta kamfanin Yamaha ta haɗa su. Ran 25 ga Agusta, 1979, suka fitar da faifansu na farko, Hitorizaki.

A 1980 waƙarsu Banri no Kawa ta karɓu ƙwarai, har yau ma waɗanda suka manyanta suna nemanta a karaoke. Bayanta kasuwarsu ta yi ta hawa da sauka na wasu shekaru. A wannan tsakani Aska ya yi suna wajen rubuta wa wasu waƙa. Shi ne ya rubuta wa ƙungiyar samarin nan Hikaru Genji waƙar Paradise Ginga, wadda ta ci babbar lambar faya-fayan Japan ta 1988.

Rabon aiki tsakaninsu a fili yake. Aska ne ya rubuta yawancin waƙoƙin da suka yi fice, shi ne kuma ke jan baiti da wata irin murya mai ƙarfi da ke fita ta hanci tana karkarwa, wadda masu kwaikwayon murya a talabijin suka daɗe suna wasa da ita. Chage, mai baƙin tabarau da hula, shi ma marubucin waƙa ne, amma an fi saninsa da murya ta biyu, wadda take bin ta Aska tana cika ta. Duk wanda ya taɓa tsayawa cikin ƙungiyar mawaƙa ya san cewa mai murya ta biyu ba kasafai ake yaba masa ba, sai ranar da bai zo ba ake gane nauyin da yake ɗauke da shi.

WAƘAR DA TA SHIGA GIDAJEN BIKI

A watan Yuli na 1991 gidan talabijin na Fuji ya fara nuna wani wasan kwaikwayo kowace Litinin da ƙarfe 9 na dare, mai suna Neman Aure na 101. Labarin wani ma'aikaci ne wanda ya haura shekara 40, ba kyau ba dukiya, wanda aka haɗa shi da mata 99 ta hanyar masu dalilin aure, dukansu suka ƙi shi. Ta 100 ita ce wata kyakkyawar makaɗiyar babban gogen Turawa, wadda saurayinta ya mutu ana gab da ɗaura musu aure, ta kuma kasa sake ba wani zuciyarta don tsoron kada mutuwa ta sake yi mata haka. Tetsuya Takeda da Atsuko Asano ne suka fito a matsayin mutanen biyu. Wurin da aka fi tunawa shi ne inda mutumin ya faɗa gaban babbar mota, ta ci birki dab da shi, domin ya nuna mata cewa shi ba zai mutu ya bar ta ba. A ƙarshe da notin ƙarfe aka yi zoben alkawari. Kashi na ƙarshe na wasan ya jawo sama da kashi 36 cikin 100 na gidajen yankin Tokyo.

Waƙar da take buɗe wasan, take kuma tashi a duk wurin da zai sa mai kallo hawaye, ita ce Say Yes ta Chage da Aska, watau "ki ce kin yarda". An fitar da ita ran 24 ga Yuli, 1991. Ta yi mako 13 a jere tana kan gaba a jadawalin Oricon, wanda shi ne ma'aunin cinikin faya-fayai a Japan, an kuma sayar da kwafi wajen miliyan 2.8. Saboda roƙon namiji ne ga macen da yake so, sai ta zama waƙar liyafar aure. Abokan ango sukan tashi su rera ta, samari kuwa sukan zaɓe ta a karaoke idan wadda suke so tana zaune a ɗakin, su faɗi da bakin Aska abin da kunya ta hana su faɗi da nasu. Wasan ya ƙetare teku, an sake yin irinsa a Koriya ta Kudu, a ƙasar Sin ma an yi fim ɗinsa a 2013.

WAƘAR ƊAGA HANNU

Ta biyun ta zo ran 3 ga Maris, 1993, sunanta Yah Yah Yah. Ita ma waƙar wasan kwaikwayo ce na gidan Fuji, labarin gaba tsakanin likitoci biyu a asibiti ɗaya. An sayar da kwafi wajen miliyan 2.4, ita ce kuma ta fi kowace waƙa ciniki a Japan a wannan shekara. Halinta dabam yake da na Say Yes. Waƙar zuga ce mai sauri, aboki yana kiran aboki su tashi tare su tunkari abin da ya cuce su. Amshinta maimaita sautin sunanta ne kawai, saboda haka wanda bai san baiti ko ɗaya ba zai iya shiga. A wuraren wasansu dubban mutane sukan dunƙule hannu su ɗaga sama tare idan an zo amshin, kuma haka ake yi a ɗakin karaoke.

Ya kamata mai karatu ya san lokacin da waƙar ta fito. Kasuwar hannun jarin Tokyo ta kai ƙololuwa a ƙarshen 1989, sa'an nan ta rikito, farashin filaye ya bi ta. Kamfanoni suka fara tsuke bakin aljihu, matasa masu gama makaranta suka fara shan wahalar samun aiki. Ma'aikacin da ya yini yana sunkuyar da kai a ofis, ya haɗiye abin da aka gaya masa, yana samun ɗaki mai rufaffiyar ƙofa inda zai buɗe maƙogwaro na minti biyar babu mai tuhumarsa.

Shekarun nan su ne ganiyar Chage da Aska. Sun karɓi lambar yabo ta mawaƙan duniya a Monako shekara uku a jere, daga 1992 zuwa 1994. A 1995 shahararren mai fim ɗin zane Hayao Miyazaki ya yi wa waƙarsu On Your Mark ɗan gajeren fim. A 1996 suka zama mawaƙan Asiya na farko da suka yi shirin MTV Unplugged, a Landan. A Agustan 2000 suka yi babban wasa a Seoul, suna cikin mawaƙan Japan na farko da suka sami wannan dama, domin Koriya ta Kudu ta daɗe da hana shigowar waƙoƙin Japan saboda zafin mulkin mallakar 1910 zuwa 1945, sai a 1998 Shugaba Kim Dae-jung ya fara sassauta hanin. Jimlar faya-fayan da suka sayar ta haura miliyan 30.

ME YA SA SUKA ZAUNA A KARAOKE?

Dalili na farko na kasuwa ne. A waɗannan shekaru kamfanonin faifai da gidajen talabijin da masu karaoke suna ciyar da juna. Mutum zai ji waƙa a wasan kwaikwayo kowane mako har wata uku, sai ya sayi ɗan ƙaramin faifan CD ɗinta. A kan faifan galibi akwai waƙar, akwai kuma kiɗanta zalla ba murya, domin ya yi ta gwaji a gida. Ranar da ya je karaoke ya rera ta, abokan da suka ji su ma sai su saya. Haka aka yi ta samun waƙoƙin da suka haura kwafi miliyan ɗaya, har cinikin faya-fayan Japan ya kai matuƙarsa a 1998.

Dalili na biyu yana cikin waƙoƙin kansu. Ba su da sauƙi, domin Aska yana hawa sama inda yawancin maza ba sa kaiwa, yana kuma jan numfashi mai tsawo. Wannan wahala ita kanta tana jan mutane, don wanda ya iya ya sami abin alfahari, wanda ya kasa kuma ya ba abokansa dariya, babu wanda ya yi asara.

Dalili na uku shi ne cewa an gina waƙoƙin ne don baki biyu. Ɗakin karaoke yakan zo da makirufo biyu, sai abokai su raba, wannan ya ɗauki Aska, wancan ya ɗauki Chage. Mai murya ta biyu dole ya saurari ɗan'uwansa, ya san inda zai shiga da inda zai yi shiru, kada kuma ya bari muryar farko ta janye shi ya bar tasa hanya. Idan suka dace, ɗakin yakan ɗauki tafi. Mai jin kunyar tsayawa shi kaɗai ma yana samun inda zai raɓe. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma waƙoƙin nan suna cikin irin jinkar da aka yi don hannu biyu.

Akwai kuma batun kuɗi, wanda zai dawo mana nan gaba. Hukumar JASRAC, wadda aka kafa a 1939, ita ce ke karɓar kuɗin haƙƙin mallaka a madadin marubutan waƙa. A 1988 Kotun Ƙolin Japan ta yanke hukunci cewa mai mashayar da baƙinsa ke rera waƙa da na'urarsa shi ke da alhakin biyan wannan kuɗi. Saboda haka yawan rera waƙa a karaoke yana ƙara abin da marubucinta ke samu. Aska ne ya rubuta baitoci da kiɗan Say Yes da Yah Yah Yah.

RANAR DA ABIN YA ƁACI

Zo mu zauna, zo mu saɓa. A Janairun 2009, shekarar da za su cika 30 da farawa, mawaƙan biyu suka ba da sanarwar dakatar da aiki tare, kowa ya kama nasa. A 2013 aka shirya su dawo, har an sa ranar wasa, sai aka ɗage bisa dalilin rashin lafiyar Aska. A wannan shekara mujallun mako-mako suka fara rubuta cewa yana ta'ammali da miyagun ƙwayoyi. Ran 17 ga Mayu, 2014, 'yan sandan Tokyo suka kama shi. Ya amsa laifinsa a gaban kotu, kuma ran 12 ga Satumba aka yanke masa ɗaurin shekara 3 na je-ka-gyara-halinka, da sharaɗin kada ya sake aikata laifi cikin shekara 4.

Japan ba ta wasa da wannan laifi, kuma tana da dalili. Ƙwayar da ake magana a kanta, mai hana barci da ƙara kuzari na ƙarya, an sayar da ita a fili da sunan Hiropon lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da bayansa, ta lalata mutane masu ɗimbin yawa, har aka kafa dokar hana ta a 1951. Shanta ko mallakarta na iya kai mutum ɗaurin shekara 10.

Kwanaki kaɗan bayan kamun, kamfanonin da ke sayar da faya-fayansu suka dakatar da fitar da su, suka janye su daga shaguna da intanet, har da waɗanda aka yi tare da Chage. An zare fim ɗin On Your Mark daga kundin ayyukan Miyazaki da ake shirin fitarwa, ko da yake bayan 'yan watanni an ba waɗanda suka sayi kundin shi a faifai dabam. Chage, wanda babu abin da aka tuhume shi da shi, ya wayi gari aikin shekara 30 na rayuwarsa ya ɓace daga kasuwa. Wake ɗaya ya ɓata gari.

Abin da kamfani bai iya janyewa ba shi ne abin da ya riga ya shiga kan mutane. Wanda aka rera wa Say Yes ranar aurensa bai manta ta ba don an kwashe faifai daga shago, kuma waƙoƙin sun ci gaba da fita daga bakin jama'a a ɗakunan karaoke.

MUHAWARAR DA TA BIYO BAYA

Masu goyon bayan janyewa suna da hujjoji masu nauyi. Sun ce mawaƙi abin koyi ne ga matasa, idan aka ga ya sha ƙwaya amma kasuwarsa ba ta girgiza ba, yaro zai ɗauka abin ba kome ba ne. Sun ce kuɗin faifai da na karaoke suna komawa aljihun marubucin, daga can kuma suna iya wucewa hannun 'yan daba masu safarar ƙwayar. A al'adar Japan kuma, wanda ya jawo wa jama'a damuwa ana sa ran ya janye jikinsa ya nuna nadama, kamfaninsa ma ya yi haka.

Masu adawa suka ce hukunci aikin kotu ne, kotu kuwa ta yi nata. Waƙa ba aikin mutum ɗaya ba ce, akwai abokin waƙa da makaɗa da masu tsara kiɗa, waɗanda ba su ci ba ba su sha ba. Muhawarar ta sake tashi a Maris na 2019, sa'ad da aka kama Pierre Taki na ƙungiyar Denki Groove da laifin shan hodar iblis, kamfanin Sony ya janye faya-fayan ƙungiyar. Mutum sama da 60,000 suka sa hannu a takardar ƙin amincewa, sanannen makaɗin nan Ryuichi Sakamoto ma ya fito fili ya ce kiɗa ba shi da laifi.

Akwai kashi na uku, watau masu aikin farfaɗo da waɗanda ƙwaya ta kama. A Japan, cikin waɗanda ake kamawa da irin wannan ƙwaya, sama da kashi 60 cikin 100 an taɓa kama su a baya. Cibiyar DARC, wadda wani tsohon mashayin ƙwaya, Tsuneo Kondo, ya kafa a Tokyo a 1985 da taimakon wani limamin Katolika ɗan Amurka, Roy Assenheimer, ta ginu ne a kan cewa mutum ba ya fita daga wannan rami shi kaɗai. Wanda aka raba shi da aikinsa da mutanensa gaba ɗaya, shi ne ya fi saurin komawa gidan jiya.

A ganinmu kowane ɓangare ya riƙe wani yanki na gaskiya. Daidai ne jama'a su nuna wa matasa cewa suna da dukiya ba sa kare mutum daga wannan masifa, kuma labarin Aska ya isa wa'azi a kan haka. Daidai ne kuma a ɗan ja baya na wani lokaci, kada a yi kamar ba abin da ya faru. Amma shafe aikin mutum dungum hukunci ne da ke faɗa wa wanda bai yi laifi ba, yana kuma gaya wa duk mai ɓoye irin wannan ciwo cewa ranar da ya nemi taimako ita ce ranar da zai rasa kome. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

INDA AKA KWANA

Aska ya koma waƙa shi kaɗai, ya fitar da sabon kundi a 2017. Ran 25 ga Agusta, 2019, daidai shekara 40 da fitar faifansu na farko, ya ba da sanarwar ficewarsa daga Chage da Aska. Chage ya ci gaba da nasa wasanni. A 2024 aka saki tsofaffin waƙoƙin nasu a dandalin sauraron kiɗa na intanet, saboda haka matasan da ba a haifa ba lokacin da Say Yes ta fito suna jin su a wayoyinsu.

Karaoke kansa ya sauya. Yawan masu zuwa ya ragu daga abin da yake a tsakiyar shekarun 1990, annobar korona ta 2020 ta rufe ɗakuna da yawa, kuma an sami sabuwar al'adar mutum ya kama ɗaki shi kaɗai ya yi ta rerawa. Duk da haka, idan 'yan aji ɗaya na waɗancan shekaru suka haɗu, ko ma'aikata suka fita bikin ƙarshen shekara, da wuya a tashi wani bai nemi ɗaya daga cikin waƙoƙin nan biyu ba.

Gaskiya ne babu wanda zai rera Say Yes kamar masu ita. Sai dai masu ita sun daina rera ta tare, waɗanda suka rage suna haɗa muryoyin nan biyu su ne talakawan da ke raba makirufo a ƙaramin ɗaki bayan an tashi aiki. Mawaƙi yana da haƙƙinsa a kan waƙa, doka ma ta tsare masa shi, amma wanda ya yi neman aure da ita, da wanda ya sauke baƙin cikin ofis da ita, su ma suna da nasu rabo wanda ba a rubuta a takarda ba. Duk mai baiwar da jama'a suka karɓa haka, ya sani amana ce a hannunsa, domin ranar da ya yi tuntuɓe ba shi kaɗai ne zai ji ciwon ba. Allah ya kiyashe mu da 'ya'yanmu.